Ranar da jirgin ruwa ya bar ni a Luksor

 A wannan makon labarin tafiya na kawo muku, tafiyar kwana uku a kan Kogin Nilu na ƙasar Masar. Sai dai kafin mu shiga ruwa, dole in fara da labarin wani lissafi da na yi a ɗakina, wanda saura ƙiris ya sa kuɗin da na shafe wata shida ina tarawa su bi ruwa, ni kuma ina tsaye a tudu.

Ni ɗalibi ne a Masar, ina shekara ta biyu a fannin haɗa magunguna, kuma ina zaune a birnin Sitta Oktoba da ke yamma da Alƙahira. Jami'o'in ƙasar suna ba da hutun tsakiyar shekara wajen ƙarshen watan Janairu, kamar mako biyu. Hutun bai isa mutum ya je gida Najeriya ya dawo ba, ga tsadar tikiti, saboda haka yawancinmu a ɗaki muke cinye shi da barci da kallon ƙwallo. A bara sai muka ce ba za mu sake yin haka ba. Mu uku muka haɗa kai: ni, da abokin ɗakina wani Bazazzagi, da wani Bakatsine mai karatun injiniya. Muka yanke shawarar za mu je kudancin Masar mu shiga jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido daga Luksor zuwa Aswan.

Otal a kan ruwa

Jiragen nan ba irin kwalekwalen fito ba ne da muka sani a Yawuri ko Lakwaja. Misrawa suna ce musu "funduƙ a'im", wato otal mai yawo a kan ruwa. Kowanne yana da hawa huɗu ko biyar, da ɗakunan kwana, da ɗakin cin abinci, da fili a can sama inda ake zama a sha iska. Suna kai da komo tsakanin Luksor da Aswan, tazarar kilomita 200 da ɗoriya, suna tsayawa a garuruwan da ke da tsofaffin gine-gine na zamanin Fir'aunoni. Masu darasin labarin ƙasa ku tuna cewa Nilu daga kudu yake gangarawa zuwa arewa har ya faɗa Bahar Rum. Ke nan mai zuwa Aswan daga Luksor hawa yake yi, yana gaba da ruwa. Shi ya sa ake kiran kudancin ƙasar Masar ta Sama, su kuma mutanen ƙasar su ce Sa'id.

Yawancin masu shiga jirgin daga Luksor kwana huɗu suke biya, kuma daren farko jirgin a ɗaure yake kwana a bakin gari. Mu namu tikitin na masu ƙaramin ƙarfi ne, na kwana uku, za mu shiga ne a ranar da jirgin zai tashi. An rubuta mana ɓaro-ɓaro a takarda: ranar Talata, kowa ya kasance cikin jirgi kafin ƙarfe 12 na rana, za a kwance igiya ƙarfe 1. A ƙasan takardar kuma, da ƙananan haruffa, an ce wanda bai zo ba ba za a mayar masa da kuɗinsa ba.

Daga Alƙahira zuwa Luksor ya fi kilomita 600. A jirgin ƙasa tafiyar kusan awa goma ce, a jirgin sama kuwa awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Mun samu tikitin jirgin sama mai rahusa, don haka duk mun yarda da sama za mu bi. Abin da ya raba mu shi ne rana.

Musun da muka yi

Bazazzagi ya ce mu tashi ranar Litinin da safe, mu kama ɗaki ɗaya a wani ƙaramin otal kusa da tashar jirgin ƙasa ta Luksor, mu raba kuɗin uku. Da yamma mu je Karnak, washegari da asuba mu tsallaka kogi mu ga Kwarin Sarakuna, mu dawo mu shiga jirginmu hankali kwance. Bakatsine ya goyi bayansa.

Ni kuwa na ɗauko biro da takarda. Na nuna musu cewa akwai jirgin sama na ƙarfe 7 na safiyar Talata. Zai sauka Luksor ƙarfe 8 da 'yan mintoci. Daga filin jirgi zuwa bakin kogi bai kai rabin awa ba. Ke nan ina da kusan awa huɗu a hannuna, sun ishe ni in zaga Karnak in sha shayi in shiga jirgi kafin 12. Na huta da biyan kuɗin otal da na abincin kwana guda.

Bazazzagi ya dubi takardar ya ce, "Malam, lissafinka ya yi kyau. Amma ka saka abin da ba ka sani ba a ciki?"

Na ce, "Abin da ban sani ba ai ba ya shiga lissafi."

Ya ce, "To, shi ne zai kama ka."

Da daddare na kira gida, na ba Umma labarin shirin. Ta ce, "Kai dai ka bi 'yan'uwanka ku tafi tare. Ba a yi wa tafiya rowar lokaci." Na ce, "To, Umma." Amma a zuciyata na riga na gama yanke hukunci. In faɗa muku gaskiya, kuɗin otal ɗin ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya fi ƙarfi a raina shi ne in bayyana a bakin jirgi ranar Talata, fes da ni, in nuna wa abokaina cewa na fi su dabara.

Ranar Litinin suka tafi. Da yamma suka turo mini hotunansu a tsakiyar ginshiƙan Karnak, na duba na ce a raina, gobe war haka ni ma na gani.

Shabbura

Ƙarfe 4 na asubahin Talata na fito da jakata. Ina buɗe ƙofar gida gabana ya faɗi. Fitilar titin da ke tsallaken hanya ta koma kamar aci-balbal a cikin hayaƙi. Hazo ne ya sauka, wanda Misrawa ke kira shabbura. Ya bambanta da hazonmu na hunturu mai ƙura da busar da leɓe. Wannan farin tururi ne mai laima da ke kwantawa a ƙasa da asuba a lokacin sanyi, saboda danshin kogi da gonaki. Amma ɓarnarsu iri ɗaya ce, duk suna hana matuƙi ganin gabansa. Wanda ya taɓa raka wani filin jirgin saman Kano a watan Disamba ko Janairu ya san yadda hazo ke hana jirage sauka da tashi.

Sitta Oktoba tana yamma, filin jirgin Alƙahira kuma yana can arewa maso gabas, sai an zagaye birnin gaba ɗaya. Direban tasi ya kunna fitilun gargaɗi yana rarrafawa, ni kuma ido na kan agogo. Tafiyar da aka saba yi cikin awa ɗaya sai da ta ci mana kusan biyu. Na shiga da gudu, na ba da jakata a awo, na yi sallar Asuba, na zauna ina haki ina godiya ga Allah cewa ban makara ba. Da na ɗaga kai na dubi allon sanarwa sai na ga an ɗage tashinmu zuwa ƙarfe 9.

Na sake lissafi. Idan muka tashi 9, zan sauka 10 da wani abu. Karnak sai dai in leƙa in fito, amma jirgin ruwa ba zai wuce ni ba. Wajen ƙarfe 9 hazo ya fara washewa, rana ta fito, na ga jirage suna tashi ta taga. Namu shiru. Sai allo ya sake canjawa: ƙarfe 11.

A nan na koyi wani abu da ban sani ba game da jiragen sama. Jirgi ɗaya yakan yi sawu da yawa a rana. Wanda zai ɗauke mu sai ya fara dawowa daga wani gari, kuma hazon da ya hana mu tashi shi ne ya hana shi sauka. Da gari ya washe kuma, duk jiragen da suka makale tun asuba sai sun bi layi. Jinkirin awa biyu da safe yana iya zama na awa biyar kafin azahar. Na je wajen ma'aikacin da ke kan kanta na yi masa bayani da guntun Larabcina cewa jirgin ruwa zai bar ni. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ma'alesh." Kalma ce da ke nufin yi haƙuri, ba komai. A wurina kuwa da komai.

Sai ƙarfe 12 da kwata muka tashi. Ban kalli hamada ta taga ba, ban karɓi shayin da aka miƙo mini ba. Muna sauka na kunna waya, saƙon Bakatsine ya shigo: "Mun roƙe su, sun ce ba za su iya jira ba. An kwance igiya." Ƙarfe 1 da minti 20 ke nan. Ga shi kuma sai da na ƙara tsayuwar minti ashirin ina jiran jakar da na ba da a awo, jakar da in da na rage kayanta da a hannu zan riƙe ta.

Tsere zuwa Isna

Bazazzagi ya kira ni. Na zaci zai ce "ai na gaya maka", amma bai faɗa ba. Ya haɗa ni da manajan jirgin, wanda ya ce in nemi mota in tafi garin Isna, kimanin kilomita 55 kudu da Luksor. A can duk jirage suke tsayawa su jira layin wucewa ta madatsar ruwa. Idan na riga su isa, za su ɗauke ni.

Direban tasin da na samu ya ga jaka, ya ga gumi a goshina cikin sanyin Janairu, ya san ba ni da bakin ciniki. "Ya ustaz," in ji shi, "zuwa ne da dawowa, ni kaɗai zan dawo." Kuɗin da na ba shi sun kusa ninka kasona na otal sau uku.

Hanyar ta bi ta cikin ƙauyuka da gonakin rake. Lokacin sara ne, ga taraktoci da amalanken jakuna maƙare da rake sun cika titi, ga tudun rage gudu a kowane ƙauye, ga shingayen 'yan sanda. Duk da halin da nake ciki, na lura da wani abu da muka sha karantawa a aji: koren gonaki siriri ne ƙwarai, kana ɗaga ido kana hango jajayen duwatsun hamada a bayansa. Inda ruwan Nilu ya tsaya, a nan rayuwa ta tsaya. Bayan awa ɗaya da rabi muka tsallaka kogi muka shiga Isna.

Na riga jirgin isa da nisa, domin shi yana gaba da ruwa, sai ya yi awa huɗu ko fiye. Na ja jakata na ratsa kasuwa har bakin gidan bautar Khnum. Ginin yana cikin wani ƙaton rami, kusan mita 9 ƙasa da titi, saboda shekara da shekaru ƙasa da ɓaraguzan gidaje sun yi ta taruwa har garin ya hau kansa. Yana da ginshiƙai 24. Daga sama na tsaya na leƙa, ban shiga ba, don na fara tsoron taɓa abin da ya rage a aljihuna. Na koma bakin kogi na zauna a wajen wani mai shayi, na ce a ba ni abu mai zafi. Aka kawo mini jan abin sha da suke kira karkade. Ina kurɓa na yi dariya ni kaɗai, ashe zoɓo ne. Dariyata ta farko ke nan tun asuba.

Da rana ta yi sanyi jirage suka fara isowa ɗaya bayan ɗaya. Nan take 'yan kasuwa suka yi musu caa a cikin ƙananan kwalekwale. Sukan ƙulle jallabiya ko tawul a leda su wurga har hawa na sama. Wanda ya ga ta yi masa sai a yi ciniki da ihu, ya sa kuɗi a leda ya jefo, wanda bai so ba ya jefo musu kayansu. Bayan Magariba wayata ta yi ƙara, namu ya iso. Jiragen sukan ɗaure ne gefe da gefe, saboda haka sai da na ratsa ta cikin jirage biyu na wasu mutane, ina jan jaka ina ba da haƙuri, kafin na taka namu. Abokaina suna tsaye a bakin ƙofa. Bakatsine ya karɓi jakar ya ce, "Sannu da zuwa, mai lissafi."

A daren na gane dalilin da ya sa ba su jira ni ba. Isna tana da tsohuwar madatsa da aka gina a 1908, da sabuwa ta shekarun 1990. Ruwan da ke kudu da madatsar ya fi na arewa tudu da 'yan mitoci, don haka jirgi ba ya wucewa sai ta wata mashiga da ake kira hawis. Ku ɗauka wani dogon kwami ne na siminti mai ƙofar ƙarfe gaba da baya. Jirgi zai shiga, a rufe ƙofar baya, a saki ruwa har kwamin ya cika. Ruwan zai ɗaga jirgin sama a hankali, sannan a buɗe ƙofar gaba ya fita. Jirage bibbiyu suke shiga, ga kuma gomomi suna jira. Matuƙin da ya yi jinkirin barin Luksor saboda mutum ɗaya zai rasa layinsa, fasinjoji sama da ɗari su kwana a nan, shirin gobe ya rushe. Ina tsaye a saman jirgi ina kallon bangon siminti yana nutsewa a gefenmu, na daina jin haushin kowa.

Abin da na gani a kan kogi

Washegari da sassafe muka farka a Idfu. Da keken doki ake kai mutane gidan bautar Horus, wanda aka fara ginawa a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, aka gama a ta 57. Shekara 180 ke nan ana aiki ɗaya. Bangon ƙofarsa ya kai tsayin mita 36, kuma rairayin da ya binne shi ƙarnuka da dama shi ne ya kare shi daga lalacewa.

Daga nan jirgi ya ci gaba. Wannan yinin shi ne mafi daɗi a tafiyar. Muna zaune a sama, dabino da ayaba suna wucewa, yara suna ɗaga mana hannu, masunta suna dukan ruwa da sanda don kora kifi cikin koma, kiran sallah yana tsallako kogi daga ƙauye zuwa ƙauye. Muka ga jiragen filafilai da ake kira faluka. Iskar Masar galibi daga arewa take busowa, don haka tun zamanin da ita ke tura jirgi zuwa kudu, ruwa kuma ya dawo da shi arewa.

Da yamma muka tsaya a Kom Ombo, inda mutanen da suka gina gida ɗaya ga gumaka biyu, ɗayansu mai kan kada. A gefe akwai gidan tarihi cike da busassun kadoji. Abin da ya fi tsayar da ni, a matsayina na ɗalibin lafiya, shi ne wani bango da aka sassaƙa hotunan kayan aikin da masana ke cewa na likitoci ne, har da masu kama da almakashi da hantsaki.

A Aswan muka ga babbar madatsar da aka fara ginawa a 1960 aka kammala a 1970. Ita ce ta haifar da Tafkin Nasir wanda ya miƙe har cikin Sudan, ta kuma tashi dubban Nubiyawa daga ƙauyukansu na gado. Muka shiga kwalekwale zuwa gidan bautar Fila, wanda aka kwance dutse bayan dutse aka sake ginawa a wani tsibiri mai tudu don kada ruwa ya cinye shi. A kasuwa kuma muka tarar da goruba jibge, suna kiranta dom, har abin sha suke yi da ita.

Daren da na ƙi biya

Duk wannan daɗi bai hana ni jin ciwo ba idan abokaina suka ɗauko hirar Karnak da Kwarin Sarakuna a wajen cin abinci. Shirinmu shi ne mu koma Alƙahira a jirgin ƙasa na dare. Na kira Yayana na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru. Ya yi mini faɗa, ya yi dariya, sannan ya turo ɗan abin da ya samu. Da jirgin ƙasa ya iso Luksor bayan kamar awa uku, na sauka ni kaɗai, su suka wuce. Na kwana a otal ɗin nan da na raina, kuma wannan karon ni kaɗai na biya kuɗin ɗakin.

Da safe na shiga Karnak, katin ɗalibi ya sa aka rage mini kuɗin shiga. Sarakuna sun shafe kusan shekara 2,000 kowa yana ƙara nasa ginin a wurin. A babban zauren akwai ginshiƙai 134, goma sha biyu na tsakiya sun kai tsayin mita 21, kaurin kowanne sai mutane da yawa sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Awa uku na yi a ciki ban ƙoshi ba, sai na tuna cewa a lissafina na farko cewa na yi zan zaga shi in sha shayi kafin 12. Da la'asar na bi hanyar gumaka masu jikin zaki, mai tsawon kusan kilomita 3, wadda aka buɗe wa jama'a a 2021, har zuwa gidan bautar Luksor. A ƙofarsa akwai dogon dutse mai tsini guda ɗaya. Da biyu ne, ɗayan yana birnin Paris na Faransa tun shekarun 1830. A cikin ginin kuma akwai masallacin Abul Hajjaj, wanda har yau ake sallah a ciki.

Kwarin Sarakuna kuwa, inda akwai kaburbura sama da 60, ciki har da na Tutankhamun da Howard Carter ya gano a 1922, kuɗina ba su kai ni ba. Daga bakin kogi na hango duwatsunsa a tsallake. Har yau ban je ba.

In za ku yi irin wannan tafiya

Ni na yi sa'a, domin kogi ne, akwai titi a gefensa. Manyan jiragen da ke yawo a teku, irin masu tashi daga Basalona ta Sifen ko Miyami ta Amurka, lamarinsu ya fi tsanani. Sukan rufe ƙofa awa ɗaya ko fiye kafin tashi, kuma tashar gaba tana iya zama a wata ƙasa daban. Wanda aka bari shi zai sayi tikitin bin jirgin da kuɗinsa, in ma fasfonsa da bizarsa sun ba shi damar shiga ƙasar. In kuma jakarsa ce ta makale a hanya, ba ta da inda za ta same shi sai bayan kwanaki.

Ban ce duk wanda ya tashi a ranar ya yi kuskure ba. Wani aiki ne ko jarrabawa ba za su bar shi ya tafi da wuri ba. Amma kafin mutum ya yanke shawara, ya tambayi kansa wasu abubuwa. Jirgin ruwan zai kwana a tashar a daren farko, ko tashi zai yi? Jirgin saman kai-tsaye ne, ko sai an canja wani a hanya? Idan wannan ya ƙi tashi, akwai wani a bayansa da zai isa kan lokaci? Wane yanayi ake ciki, lokacin hazo ne ko na guguwa, kamar iskar khamsin mai ƙura da ke tasowa a Masar daga Maris zuwa Mayu? Kayana za su shiga jakar hannu? Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda ni ban yi ba: nawa zan rage idan komai ya tafi daidai, nawa kuma zan rasa idan abu ɗaya ya karkace? Na sa kuɗin wata shida a gefe guda, kuɗin gado na dare ɗaya a ɗaya gefen, na zaɓi in kare ƙaramin.

Na san da yawanku ba jirgin ruwa ne a gabanku yanzu ba. Amma 'yan aji shida, nan da 'yan watanni za a iya tura wasunku rubuta jarrabawar JAMB a wani gari da ba naku ba, a ce ku kasance a wurin tun da sassafe. Za ku ji zuciya tana cewa ai tafiyar awa biyu ce, in na yi sammako zan isa. Ku tuna da tayar mota, da layin mai, da shingen hanya. Ku nemi gidan ɗan'uwa ko na abokin Baba ku kwana, ku je ku ga wurin da idonku tun da yamma. Dubi alhazanmu, ai tun kafin lokacin tashi ake tara su a sansani.

Da na dawo Alƙahira na kira Umma na ba ta labari tun daga farko. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "To, yanzu yaushe za ka koma ka ga kwarin?" Na ce sai hutu mai zuwa in Allah Ya yarda, na riga na fara tari. Ta ce, "Wace rana za ka tashi?" Na ce, "Ana jibi, Umma."

Sai mun haɗu a wani makon. Allah Ya ba da sa'ar karatu.